Ruwa da Ƙanƙara a Duniyar Wata: Tambayoyi da Amsoshi

Duk bayan 'yan shekaru sai kafofin labarai su ɗauka cewa an gano ruwa a wata. An ji haka a 1998, aka sake ji a 2009, da 2018, da 2020, da 2023. Yawan maimaicin ya sa wasu ke ganin tsohon labari ne ake ta ɗumamawa, wasu kuma suka daina yarda gaba ɗaya. Alhali kowace sanarwa da abin da take nufi: nau'in ruwa daban, a wuri daban, da na'urar awo daban. Ga tambayoyin da ɗalibai, malaman kimiyya da masu bibiyar harkar sararin samaniya suka fi yi.

Da gaske ne akwai ruwa a wata?

Da gaske ne, amma babu tafki, babu rafi, babu ko danshin da za a taɓa da hannu. Ruwan wata iri uku ne, kuma rashin rarrabe su shi ke kawo yawancin ruɗani. Na farko ƙanƙara ce da ke cikin ramukan ƙuryar kudu da ƙuryar arewa waɗanda rana ba ta taɓa leƙa ƙasansu. Na biyu ɗaiɗaikun ƙwayoyin ruwa ne da ke manne da ƙurar saman wata ko a kulle cikin ɓurɓushin gilas, har a wuraren da rana ke duka. Na uku ruwa ne da ke cikin jikin duwatsun da suka fito daga can cikin wata lokacin da yake aman wuta, sama da shekara biliyan 3 da suka wuce.

Wanda ake rububi a kansa shi ne na farko, domin shi kaɗai ne ke da yawan da za a iya haƙowa a yi amfani da shi.

Me ya hana ruwa kwanciya a wata kamar yadda yake kwanciya a duniya?

Nauyin iskar da ke lulluɓe da duniya shi ke danne ruwa ya zauna a ruwansa. Wata ba shi da wannan iska, don haka ruwan da aka zuba a can nan take zai tafasa ya zama tururi, abin da ya saura kuma ya daskare. Ita ma ƙanƙarar, da zarar ta ji ɗumi, kai tsaye take zama tururi ba tare da ta narke ba. Da tsakar rana zafin yankin tsakiyar wata yakan kai digiri 120 a ma'aunin Salshiyas. Hasken rana yana farfasa ƙwayoyin tururin, kuma ƙarfin jan wata kashi ɗaya ne cikin shida na duniya, saboda haka haidirojin da ya rabu, wato ɗaya daga sinadarai biyu da suka haɗu suka zama ruwa, yakan tsere zuwa sarari.

To ta yaya ƙanƙara ta tsira a can?

Sirrin yana cikin tsayuwar wata. Duniya a karkace take da digiri 23.5, shi ya sa ƙuryoyinta ke samun wata shida na rana, wata shida na duhu. Karkatar wata ba ta wuce digiri 1.5 ba. Wanda ya tsaya a ƙuryar kudu ta wata zai ga rana kullum tana zagaye gefen sama ƙasa-ƙasa, ba ta taɓa ɗagowa. Kamar rijiya mai zurfi ce da sassafe: haske na kan bakinta, ƙasanta na cikin duhu, sai dai a nan safiyar ba ta taɓa zama hantsi. Ramin Shackleton, wanda ke daidai ƙuryar kudu, faɗinsa kilomita 21 ne, zurfinsa ya ɗan haura kilomita 4, kuma ƙasansa ba ya ganin rana kai tsaye ko sau ɗaya a shekara.

Idan sanyi ya kai digiri 163 ƙasa da sifili, ƙanƙara za ta iya shekara biliyan ba tare da wani abin kirki ya ragu daga jikinta ba. Na'urar Diviner da ke kan kumbon LRO na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta auna wuraren da suka fi haka sanyi nesa ba kusa ba. A wani lungu na ramin Hermite, kusa da ƙuryar arewa, ta sami digiri 247 ƙasa da sifili. Duk ƙwayar ruwan da ta yi yawo a saman wata ta faɗa irin wannan wuri, ta maƙale ke nan.

Tun 1961 masana uku a jami'ar Caltech, Kenneth Watson da Bruce Murray da Harrison Brown, suka yi wannan lissafi a takarda, shekara takwas kafin ɗan Adam ya taka wata.

'Yan sama jannatin Apollo sun sauka sau shida. Me ya sa ba su gano shi ba?

Duk saukar da suka yi tsakanin 1969 da 1972 a nesa da ƙuryoyin ne, a yankunan da rana ke gasawa. Sun dawo da kilo 382 na duwatsu da ƙasa, aka auna, aka ga sun bushe ƙamas. Ɗan ruwan da ya bayyana a awon sai aka ce daga iskar duniya ya shiga, tunda wasu akwatunan ba su rufu sosai ba saboda ƙura ta shiga bakinsu. A 1976 kumbon Luna 24 na Tarayyar Sobiyet ya haƙo kimanin giram 170 na ƙasa, kuma a 1978 masanan Sobiyet suka ba da rahoton ruwa kusan kashi 0.1 cikin 100 a ciki. Ba a kula rahoton ba. Ra'ayin cewa wata a bushe yake ya riga ya kafu.

Sai a 2008 Alberto Saal na jami'ar Brown da abokan aikinsa suka sake duba ƙananan duwatsun gilas na aman wuta da Apollo 15 da 17 suka kawo, da na'urar da ta fi ta da gani. Suka sami ruwa har giram 46 a kowane tan, kuma ya fi yawa a tsakiyar ƙwayar gilas ɗin fiye da gefenta. Da daga waje ya shiga, da gefen ne zai fi jiƙa. Wannan shi ne nau'i na uku da aka ambata a amsar farko.

Wa ya fara ganowa, Indiya ko Amurka?

Kowace na da hujjarta, kuma adalci shi ne a ce aikin na haɗin gwiwa ne. Kumbon Clementine na Amurka ya sami alamar farko da rada a 1994, Lunar Prospector ya gano tarin haidirojin a ƙuryoyin biyu a 1998, amma babu wanda ya tabbatar ruwa ne. Indiya ta harba Chandrayaan-1 ranar 22 ga Oktoba 2008. Yana ɗauke da wata na'urar NASA mai suna M3, wadda Carle Pieters ke jagorantar masu aiki da ita, kuma ita ce ta ga alamar ruwa da haidroksil, wani sinadari ɗan uwan ruwa, shimfiɗe a saman wata. An sanar da haka a watan Satumba 2009. Wata na'urar Indiya da kumbon ya jefa kusa da ƙuryar kudu ranar 14 ga Nuwamba 2008 ita ma ta shinshino alamar tururi tana kan faɗawa.

Abin da ya sa aka yarda da sakamakon M3 da wuri shi ne kumbuna biyu da ba wata suka nufa ba sun mara masa baya: Deep Impact, da kuma Cassini, wanda ya gifta ta gefen wata tun 1999 a hanyarsa ta zuwa duniyar Saturn, bayanansa na ajiye shekara goma. Ƙanƙarar cikin rami kuwa, kumbon LCROSS ne ya tabbatar da ita makonni kaɗan bayan haka, kuma akwai amsa a kansa a ƙasa.

Yaya ake gane ruwa daga sama ba tare da an taɓa shi ba?

Hanya ta farko ita ce ƙirga niyutron, wato wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin ƙwayar zarra (atom). Ƙwayoyi masu ƙarfi daga sararin samaniya suna dukan ƙasar wata ba dare ba rana, suna fisgo niyutron daga cikinta. Nauyin ƙwayar haidirojin kusan ɗaya ne da na niyutron, don haka idan suka yi karo niyutron ɗin yakan rasa gudu sosai. Inda kumbo ya ga masu matsakaicin gudu sun ragu, akwai haidirojin a cikin mita ɗaya na saman ƙasar. Rauninta biyu ne: ba ta faɗin ko haidirojin ɗin a cikin ruwa yake ko a wani abu, kuma awonta na rufe dubban murabba'in kilomita a lokaci guda, ba ta iya nuna daidai wurin.

Ta biyu rada ce. Ƙanƙara mai kauri da tsafta tana mayar da saƙon rada da wata irin murɗa da ƙasa ba ta yi. Matsalar ita ce tarin duwatsu masu kaifi ma suna yin haka. Lokacin da babbar radar Arecibo ta Puerto Rico ta duba ƙuryar kudu, ta sami irin wannan alama har a gangaren da rana ke haskawa, inda ƙanƙara ba za ta zauna ba. Wannan ne ya rage ƙarfin sakamakon Clementine, kuma shi ya sa ya kamata a yi taka-tsantsan da duk adadin da ya dogara da rada kaɗai.

Ta uku ita ce karanta haske. Kowane abu yana shanye wani sashe na hasken da ya faɗa masa, ya mayar da saura. Ruwa yana shanye wasu sassa na hasken da ke bayan ja, wanda ido ba ya gani, kuma ana auna tsawon zangon wannan haske da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Wannan hanya ta fi sauran faɗin ainihin abin da ke wurin, amma fatar sama kawai take gani, kuma tana bukatar haske, abin da ramukan ba su da shi.

Ana yawan cewa "ruwa ko haidroksil". Mene ne bambancinsu?

Ƙwayar ruwa tana da haidirojin biyu da oksijin ɗaya. Haidroksil yana da ɗaya-ɗaya, kuma yawanci a ɗaure yake da jikin ma'adani. Dukansu suna shanye haske a wajen maikuron 3, saboda haka M3 ba ta iya raba su ba. Ruwa ne kaɗai ke ba da alama a maikuron 6, sai dai tururin da ke iskar duniya yana toshe wannan haske ga madubin hangen nesa da ke ƙasa.

Mafita ta zo daga SOFIA, madubin hangen nesa da aka ɗora cikin jirgin sama samfurin Boeing 747 mai tashi sama da mafi yawan tururin duniya. A watan Oktoba 2020 Casey Honniball da abokan aikinta suka sanar da ganin alamar maikuron 6 a ramin Clavius, inda rana ke haskawa. Yawansa giram 100 zuwa 412 a kowane tan na ƙasa. NASA ta kwatanta cewa yashin hamadar Sahara ya ninka wannan sau 100 a danshi. Clavius babban rami ne mai faɗin kimanin kilomita 230 a kudancin fuskar watan da ke kallonmu, ana iya hango shi da ƙaramin madubin hangen nesa na hannu.

Me ya faru ranar 9 ga Oktoba 2009?

Tunda haske ba ya shiga ramin, sai NASA ta yanke shawarar fito da ƙasar ramin zuwa haske. An harba LCROSS tare da LRO a watan Yuni 2009, kuma LCROSS ya riƙe ɓangaren sama na rokar da ta ɗauke su, mai suna Centaur, bayan an juye sauran man da ke cikinsa don kada ya gurɓata awon. Nauyinsa kimanin kilo 2,300. Aka sake shi ya faɗa cikin ramin Cabeus da gudun kusan kilomita 9,000 a awa. Ƙura ta tashi ta kai inda rana ke haskawa, kumbon da ke biye ya ratsa ta yana awo yana aiko da bayanai, bayan minti huɗu shi ma ya rafka ƙasa.

Masu kallo daga duniya sun yi tsammanin ganin gagarumar ƙura, ba su ga komai ba, har aka fara cewa aikin ya ci tura. Bayanan na'urorin sun nuna akasin haka. Ayarin Anthony Colaprete ya ƙiyasta kilo 155 na tururi da ƙanƙara a cikin abin da na'urorin suka hango, wanda ya nuna ruwa ya kai kashi 5.6 cikin 100 na nauyin ƙasar wurin, da yiwuwar kuskuren 2.9 sama ko ƙasa. Girman wannan tazara yana da muhimmanci: adadin zai iya zama ƙasa da kashi 3, zai iya haura 8. Kuma awo ne na wuri ɗaya tak, a rami ɗaya tak.

Wannan ba shi ne karon farko da aka gwada dabarar ba. An rafka Lunar Prospector cikin ramin Shoemaker ranar 31 ga Yuli 1999, amma kumbon ƙarami ne kuma a kwance ya shigo, ba a ga ko ƙura ba.

An taɓa ɗaukar hoton ƙanƙarar?

Ba a ɗauki hoton wani farin fili na ƙanƙara ba, kuma duk hoton da ke yawo mai nuna shuɗi-shuɗi a ramukan wata taswira ce da aka yi wa launi don a gane wurin. Kumbon Kaguya na Japan ya hango cikin Shackleton da ɗan hasken da bangon ramin ke mayarwa, bai ga shimfiɗaɗɗiyar ƙanƙara ba. Kyamarar ShadowCam, wadda ke kan kumbon Danuri na Koriya ta Kudu da aka harba a 2022, ta ninka kyamarar LRO kusan sau 200 wajen gani a duhu. Ta nuna duwatsu da sawun gangarowarsu, amma ba ta nuna tafkin ƙanƙara ba.

Hujja mafi ƙarfi ta ƙanƙara a fili ta fito a 2018, lokacin da Shuai Li na jami'ar Hawaii ya koma tsofaffin bayanan M3 ya tace raunanan hasken cikin inuwa. Ya sami alamomi uku da ƙanƙara kaɗai ke bayarwa tare, a maikuron 1.3 da 1.5 da 2.0. Amma a kusan kashi 3.5 cikin 100 na wuraren masu tsananin sanyi kawai ya same su. Ma'ana ƙanƙarar a warwatse take, gauraye da ƙasa, wani wuri akwai wani wuri babu, mai yiwuwa mafi yawanta a binne.

Nawa ne yawan ruwan gaba ɗaya?

Adadin da aka fi ambata shi ne tan miliyan 600, wanda ya fito a 2010 daga radar da ke kan Chandrayaan-1, bayan ta ga alama a ƙananan ramuka sama da 40 na ƙuryar arewa. Kamar yadda aka bayyana a amsar hanyoyin awo, rada na iya ɗaukar duwatsu a matsayin ƙanƙara, don haka ƙiyasi ne, ba awo ba. A 2020 Paul Hayne na jami'ar Colorado ya lissafa cewa idan aka haɗa har da ƙananan inuwoyin da ba su fi tafin hannu ba, wuraren da ke iya riƙe ƙanƙara sun kai murabba'in kilomita 40,000, kusan kashi 60 cikin 100 a kudu. Wannan faɗin wurin da zai iya riƙewa ne, ba yawan abin da ya riƙe ba.

A 2023 masanan Sin, bayan nazarin ƙwayoyin gilas daga cikin giram 1,731 na ƙasar da Chang'e 5 ya kawo a Disamba 2020, sun ce irin waɗannan ƙwayoyi a faɗin wata na iya ƙunsar har tan biliyan 270. Adadin na da girma, amma abin da mai haƙa zai tambaya shi ne nawa ke cikin kowace shebur. A ƙasa mai giram 100 a tan, sai an sarrafa tan 10 kafin a sami lita ɗaya. A ƙasa irin ta Cabeus, kilo 20 ya isa.

Daga ina ruwan ya zo?

Hanyoyi uku ake zargi, kuma da alama dukansu sun ba da nasu kason. Taurari masu wutsiya da duwatsun sama masu ɗauke da ruwa sun yi ta faɗa wa wata. Rana kuma tana feso ƙwayoyin haidirojin ba tsayawa, ƙasar wata kuwa sama da kashi 40 cikin 100 na nauyinta oksijin ne a ɗaure cikin ma'adanai, idan suka haɗu sai a sami haidroksil, wani lokaci ruwa. Ta uku ita ce tururin da aman wutar wata ya fitar a zamanin da.

Ruwan saman wata ba a zaune yake ba. Deep Impact ya ga alamar tana ƙaruwa da safe da yamma, tana raguwa da tsakar rana. Kumbon LADEE, wanda ya zagaya wata tsakanin 2013 da 2014, ya ga tururi na tashi duk lokacin da ayarin ƙananan duwatsun sama ya afka wa wata, kuma lissafi ya nuna kimanin santimita 8 na sama a bushe suke, danshin na ƙarƙashinsu.

Abin da zai raba gardama shi ne auna yawan haidirojin mai nauyi, wato nau'in da ke ɗauke da ƙarin niyutron, a cikin ƙanƙarar. Na taurari masu wutsiya yana da yawa, na rana kusan babu. Wannan awo yana bukatar a riƙe samfurin a hannu. Akwai kuma wani abin da ke ɗaure kai: duniyar Makyuri, wadda ta fi kowace kusa da rana, tana da ƙanƙara mai kauri da tsafta a ramukan ƙuryoyinta wadda rada ke gani ƙarara, alhali ta wata gauraye take kuma ba ta kai ta yawa ba.

Za a iya shan sa?

Sai an tace. A ƙurar Cabeus, ban da ruwa, an ga iskar sulfa mai wari da guba, amoniya, metanol, iskar kabon mai kisa, har da ƙarfen makyuri. Sanyin da ya kama ruwa ya kama su ma. Fasahar tacewa ba sabuwa ba ce: a 2023 tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ta kai matakin dawo da kashi 98 cikin 100 na ruwan da mazaunanta ke amfani da shi, har da fitsari da gumi. Sai dai na'urorinta an ƙera su ne don irin wannan datti, ba don makyuri da ƙurar wata mai kaifi ba.

Ruwan na nufin akwai rai a wata?

A'a. Rayuwa irin wadda aka sani tana bukatar ruwa mai gudana, kuma amsa ta biyu ta nuna dalilin da ya sa babu shi a can. Babu wata alamar rai a duk samfuran da aka kawo.

Idan ba don sha ba, me ya sa ƙasashe ke rububinsa?

Man roka. Idan aka ratsa wutar lantarki cikin ruwa, kilo 9 na ba da kilo 1 na haidirojin da kilo 8 na oksijin. Waɗannan biyun, idan aka sanyaya su suka zama ruwa-ruwa, suna cikin mafi ƙarfin man roka da ake da shi. Injin roka yakan ƙona su a kan kusan kilo 6 na oksijin ga kilo 1 na haidirojin, don haka oksijin na saura, kuma mutum ɗaya na shaƙar kimanin giram 840 a rana.

Ribar tana cikin nauyi. Kafin abu ya kuɓuce wa jan duniya sai ya kai gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa, a wata 2.4 ya isa. Mafi yawan nauyin rokar da ke tashi daga duniya mai ne, kuma duk kilon man dawowa da aka ɗauka daga gida sai an ƙona wasu kiloli masu yawa don ɗaga shi. Ruwa kuma yana tare ƙwayoyin sararin samaniya masu cutar da jiki, ana iya zagaye ɗakin kwana da tankunansa.

Yaya za a ciro shi, kuma me ke iya lalacewa?

Tsarin da aka fi nazari shi ne a haƙo ƙasar, a zuba ta cikin tukunya mai murfi da ba ta yoyo, a ɗumama ta har ƙanƙarar ta zama tururi, a bi da tururin zuwa wani faranti mai sanyi ya sake daskarewa, sannan a kai shi wurin tacewa. Wata dabara da aka yi nazari a makarantar haƙar ma'adanai ta Colorado ita ce a kafa madubai a bakin rami su karkato da hasken rana zuwa wata rumfa da aka kifa kan ƙasar, tururin ya taru a ƙarƙashinta ba tare da an yi haƙa ba. Mayar da kilo ɗaya na ƙanƙara tururi yana cin kusan kilowat-awa 0.8, ban da wutar ɗumama kilo 19 na ƙasar da ke tare da shi. Raba lita ɗaya zuwa iska biyu yana cin sama da kilowat-awa 5. Bayan nan sai a sanyaya oksijin zuwa digiri 183 ƙasa da sifili, haidirojin zuwa 253.

Matsala ta farko wuta ce: inda ƙanƙarar take babu rana, inda ranar take, wato kan wasu tuddai na bakin ramuka da ke samun haske mafi yawan shekara, babu ƙanƙara. Tsakaninsu kilomitoci ne na gangare, a Shackleton ya kai digiri 30. Ƙasar da ƙanƙara ta haɗe ta a irin wannan sanyi tana iya yin tauri kamar kankare, kuma zafin gogayyar bakin na'urar huda yana korar ruwan da ake nema kafin a kama shi, shi ya sa ake huda kaɗan-kaɗan ana tsayawa. Ƙasar wata ba ta watsa zafi sosai, sai fatar da ke jikin abin ɗumamawa ta bushe ta zama katanga. Man shafawar inji yana daskarewa, batir na mutuwa, roba na karyewa.

Ƙurar ma abokiyar gaba ce. Babu iska ko ruwan da zai goge mata kaifi, kuma cikin kwana uku ta cinye saman safar hannu da gaɓoɓin kayan 'yan Apollo 17. Duk murfin da ta shiga bakinsa zai yi yoyo, kuma yoyo a can na nufin tururin ya tafi. Daga ƙasan rami kuma ba a hango duniya, sai an sami wani kumbo a sama mai isar da saƙo.

Akwai kumbon da ya sauka ya taɓa ƙanƙarar?

A shekarun 2023 zuwa 2025 an yi yunƙuri da dama, babu wanda ya kai gare ta. Luna 25 na Rasha ya faɗi ranar 19 ga Agusta 2023. Bayan kwana huɗu Chandrayaan-3 na Indiya ya sauka lafiya, amma a wajen digiri 69 kudu da layin tsakiyar wata, kimanin kilomita 600 daga ƙuryar, a fili mai rana. Ya tabbatar da sulfa a ƙasar, ya kuma nuna zafi na faɗuwa da digiri da yawa cikin 'yan santimita kaɗan na zurfi, bai gano ƙanƙara ba, duk da rahotannin da suka ce ya yi.

Ranar 6 ga Maris 2025 kumbon Athena na kamfanin Intuitive Machines ya isa tudun Mons Mouton ɗauke da na'urar huda mai zurfin mita ɗaya. Na'urarsa ta auna nisan ƙasa ta rikice, dogayen inuwoyin yankin suka ƙara dagula lissafi, ya kife a gefensa cikin wani ƙaramin rami, batir ya ƙare cikin kwana ɗaya. Lunar Trailblazer, wanda aka harba tare da shi don zana taswirar ruwa daga sama, ya ɓace wa masu sarrafa shi jim kaɗan bayan tashi. Motar VIPER ta NASA, wadda aka ƙera don ta shiga inuwa ta yi huda, an soke tafiyarta a Yuli 2024 saboda tsada, aka farfaɗo da ita a Satumba 2025 tare da kamfanin Blue Origin. Sin ta tsara Chang'e 7 da wata ƙaramar na'ura mai tsalle da za ta diro cikin rami ta yi awo, Japan da Indiya kuma na haɗa wata motar tare.

Ruwan na wa ne?

Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa mallakar wata ko wani yanki nasa, amma ba ta yi magana dalla-dalla kan abin da aka haƙo ba. Yarjejeniyar wata ta 1979 ta ce albarkatun gadon dukan bil'adama ne, sai dai babu ɗaya daga manyan ƙasashe masu zuwa sama da ta amince da ita. Amurka a 2015 da Lukzambur a 2017 sun yi dokokin da suka ba kamfanoninsu damar mallakar abin da suka haƙo. Yarjejeniyar Artemis ta 2020, wadda Amurka ta jagoranta, ta tafi a kan wannan fahimta, kuma Najeriya da Ruwanda su ne ƙasashen Afirka na farko da suka sa mata hannu, a Disamba 2022. Sin da Rasha ba sa ciki, suna da nasu shirin na kafa tashar bincike.

Inda rikici zai fi yiwuwa ba a ramukan ba ne, a kan 'yan tuddan nan masu haske da aka ambata a amsar haƙa, domin kaɗan ne kuma kowa su yake nufi. Masana kuma na da tasu damuwar: hayaƙin injin duk kumbon da ya sauka yana ɗauke da tururin ruwa, wani kaso nasa kuma zai yi yawo ya ƙare a cikin ramukan, ya gauraya da ƙanƙarar da ake son a karanta tarihinta. Saboda haka a 2021 kwamitin COSPAR mai kula da binciken sararin samaniya ya tsaurara ƙa'ida, ya bukaci duk kumbon da zai sauka a ƙuryoyin wata ya ba da cikakken lissafin sinadaran da yake ɗauke da su, har da abin da injinsa zai fitar.